Ijaza, Satifiket da Lasisi: Yadda Izinin Karantarwa Ya Zo Ya Tsaya a Magamar Jibiya

Wata ranar Lahadi da hantsi, kasuwar Jibiya na ci, na tsaya a Magama ina jiran motar Maraɗi ta cika, sai idona ya kai kan mutum biyu da ke zaune a benci ɗaya ƙarƙashin inuwar darbejiya. Ɗaya dattijo ne alaramma, gafaka rataye a kafaɗa, almajirai uku tsugune a gabansa kowa da allonsa a hammata. Ɗayan saurayi ne mai riga da wando, rungume da jakar leda wadda ya riƙa buɗewa yana rufewa, har na hango takardu a ciki an manne su da roba don kada gumi ya ɓata su. Da dattijon ya tambaye shi sana'arsa, sai ya rusuna ya ce, "Allah ya gafarta malam, ni ma malami ne, na makarantar boko." Dattijon ya gyara rawani ya ce, "Madalla, samari. A wajen wa ka ɗauka?" Saurayin ya yi jim, sa'an nan ya zaro takarda ya miƙa masa.

Amsar da ya bayar daidai ce, ita ma tambayar daidai ce, sai dai tsakaninsu akwai tarihin da ya haura shekara ɗari.

A Katsina ta dā, zamanin da masallacin Gobarau ke cike da masu neman ilmi, da zamanin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, ba hukuma ce ke ba mutum izinin karantarwa ba, mutum ne ke ba mutum. Ɗalibi yakan zauna a zauren malaminsa shekara da shekaru, ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya shiga Risala, in Allah ya yi masa buɗi ya kai Muhtasar, ana ba shi baƙi ana fassara masa, har ran da malamin ya gamsu cewa ya iya, ya kuma natsu da ɗabi'arsa, sa'an nan ya ba shi ijaza, wato ya yarje masa ya karantar da abin da ya ɗauka, ya haɗa shi da silsilar malaman da littafin ya biyo ta hannunsu. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusuhi, don kawai ya lissafa shaihunnan da ya ɗauki ilmi a gare su. Irin wannan izini ba shi da hatimi, ba shi da ranar ƙarewa, kuma, abin da ya fi damunmu a nan, bai san iyaka ba: malamin da aka yi wa ijaza a Katsina yana iya shimfiɗa buzunsa a Maraɗi ko Damagaram ko Agadas, a kewaye shi a ɗauki karatu, domin sunan malaminsa ya riga shi isa. Ko bayan da Haɓen Katsina suka yi hijira arewa sakamakon jihadi suka kafa Maraɗi, ana ta gaba da hare-hare tsakanin garuruwan biyu, ɗalibai ba su fasa ƙetarawa ba.

Ingila da Faransa suka zo suka raba ƙasar a kan takarda, aka kakkafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908, Jibiya ta faɗa kudu, Ɗan Isa ta faɗa arewa. Tun daga nan kowane ɓangare ya shiga ƙera nasa malamin.

A ɓangaren Ingilishi, Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma da malaman zaure ya fara, yana koya musu boko da lissafi don su koma su koyar. Amma gidan da ya zama uwa ga malantar boko a Arewa shi ne Kwalejin Katsina, wadda aka fara a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a watan Maris na 1922, zamanin Sarki Dikko. Manufarta ta fari horon malamai ce tsantsa, shekara biyar ana gyara wa yaro lafazin Turanci da tsayuwa gaban allo, kuma daga ginin nan na ƙasa, wanda yau ya zama gidan tarihi, Ahmadu Bello da Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito, kowannensu ya riƙe alli kafin ya riƙe wani abu dabam. An ɗauke kwalejin zuwa Kaduna a 1938, daga baya zuwa Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. A wannan zamani ne izini ya fara barin bakin malami ya koma takarda, aka jera malamai daraja-daraja: mai Giredi na Uku yana karantar da ƙananan azuzuwan elemantare, mai Giredi na Biyu yana riƙe manyan azuzuwa ko ya zama hedimasta, kuma ba a ba mutum satifiket sai mai duba makarantu ya zauna a bayan aji ya ga yadda yake fitar da darasi.

Ba gwamnati kaɗai ce ta horar da malaman boko ba, har da 'yan mishan, musamman 'yan Katolika. Sun daɗe a bakin ƙofa. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka tsare mishan daga biranen Musulmi, aka bar musu Sabon Gari da ƙasashen da ba su ƙarƙashin sarakunan Musulunci. Limaman ƙungiyar mishan ta Afirka sun sauka Shandam a 1907, suka bi layin dogo sannu a hankali zuwa Kaduna da Zariya da Kano, galibinsu daga baya mutanen Ayalan ne, abin da ya sa kwalejojin horon malamai da suka kafa suka ɗauki sunayen waliyyan ƙasarsu, kamar ta St. Malachy a Minna da ta St. Enda a Basawa kusa da Zariya. Sistocin St. Louis sun iso Kano a 1948. Ƙasar Sakkwato da Katsina kuwa sai a shekarun 1950 aka danƙa ta ga limaman ɗariƙar Dominikan daga Amurka, waɗanda suka zauna Gusau, suka kuma yi aiki cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi.

Horon malamai ba baƙon abu ba ne a wurinsu, domin tun wajen 1685 wani limaminsu mai suna Jean-Baptiste de La Salle ya kafa makarantar koyon malanta a birnin Reims na Faransa, ɗaya daga cikin na farko a Turai, har Paparoma Pius na Goma Sha Biyu ya ayyana shi majiɓincin malamai a 1950. Amma duk da wannan gado, limamin coci ba ya iya ba ɗalibinsa satifiket da hannunsa. A wancan zamani gwamnati na ba makarantun mishan kuɗin tallafi, kuma sharaɗin kuɗin shi ne malaman su kasance masu takardar gwamnati, don haka yaron da ya tashi da ƙararrawar addu'ar asuba a Basawa da wanda ya tashi da kiran salla a kwalejin gwamnati duka jarrabawa ɗaya suke zaunawa a ƙarshe. A ganina wannan rabon aiki, coci ta yi tarbiyya hukuma ta ba da izini, shi ne ƙashin bayan dukan abin da ya biyo baya, kuma har yau bai sāke ba.

Daga nan al'amura suka yi sauri. Rahoton Ashby na 1960 ya haifar da manyan kwalejojin malamai, ta Zariya a 1962, ta Kano a 1964, zamanin da Isa Kaita ke ministan ilmi na Jihar Arewa, aka sami sabuwar takarda ta shekara uku da ake kira NCE. Bayan yaƙin basasa, a farkon shekarun 1970, gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan. A Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda Katsina ke cikinta, St. John ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, kwalejojin horon malamai su ma suka bi. Mutane sun saɓa a kan wannan hukunci har gobe: wasu na cewa ya buɗe ƙofar makarantun ga 'ya'yan kowa ba tare da fargabar a sauya musu addini ba, wasu na cewa daga ranar ne horo ya soma sakwarkwacewa. Ina jin kowa na da gaskiyarsa.

Sai shirin ilmin firamare na bai ɗaya a 1976, wanda ya cika azuzuwa da yara kafin a tanadi masu karantar da su. Aka shiga yaye malamai cikin gaggawa, wasu shekara biyu, wasu ma shekara ɗaya, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta ɗaga waɗanda ke aiki ba takarda ta hanyar karatun ƙarshen mako da hutu. Giredi na Biyu, wanda a dā in an ce wane ya same shi sai a yi ta zuwa barka, ya wayi gari ya zama abin da ake neman a rabu da shi, har manufar ilmi ta ƙasa ta tsayar da NCE a matsayin mafi ƙarancin abin da za a shiga aji da shi. An kafa hukumar kula da kwalejojin ilmi a 1989, sa'an nan Doka ta 31 ta 1993 ta kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya, TRCN, don malanta ta zama sana'a mai ƙofa da mai gadi kamar likitanci da lauyanci. Ta daɗe tana rajista bisa takardar makaranta kaɗai, sai daga 2017 ta ɗora jarrabawar cancanta da ake yi a kwamfuta. A 2017 ɗin ce kuma gwamnatin Kaduna ta gwada malaman firamare wajen 33,000, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta yanka ba, aka yi ta cece-ku-ce a kan adalcin gwajin, amma ba wanda ya iya musanta cewa takarda da iyawa sun yi hannun riga a wurare da yawa.

Cocin Katolika ta komo fagen ta wata ƙofa, ƙofar jami'a. Da aka halatta jami'o'i masu zaman kansu a 1999, Madonna ta Okija na cikin ukun farko. Majalisar bishop-bishop ta ƙasa ta kafa tata, Jami'ar Veritas, ta sami lasisin hukumar jami'o'i a 2007, ta fara karatu a 2008 a Obehie ta Jihar Abiya, daga bisani ta tare a mazauninta na Bwari kusa da Abuja, kuma tana da tsangayar ilmi. Ɗalibin da ya shiga can neman digirin malanta, ko ya fito daga Malumfashi, garin da ya ba sabuwar diyosis ta Katsina bishop ɗinta na farko, Gerald Mamman Musa, a 2023, ko ya fito daga Kafancan, yakan yi shekara huɗu, ko uku in ya zo da NCE, yana karanta fanninsa haɗe da tarihin ilmi da falsafarsa da ilmin halayyar yaro da dabarun koyarwa da awon fahimta, a tura shi makaranta koyarwar gwaji ta makonni, malaminsa ya biyo shi ya zauna a bayan aji da takardar maki, daidai yadda mai duba makarantu ke yi a zamanin En'e. Jami'ar na ƙara masa nata darussa na ɗa'a da falsafa, amma manhajar sai hukumar jami'o'i ta amince da ita, kuma ran da ya kammala, digiri kawai ke hannunsa. Sai ya ci jarrabawar TRCN a rubuta shi a rukunin C, na masu digirin farko, ƙasa da B na masu digiri na biyu da A na masu dakta, sama da D na masu NCE, sa'an nan a ba shi lasisin da ake sabuntawa lokaci-lokaci. Wanda ya karanta wani fanni dabam kuwa, ko da injiniya ne, sai ya koma ya yi difilomar ilmi tukuna.

Wani abu guda a tsarin nasu yakan ba ni mamaki, domin ya fi kama da zaurenmu fiye da yadda su ko mu muke zato. Dokar cocinsu ta 1983 ta ce wanda zai karantar da ilmin tauhidinsu a jami'a sai ya sami izini na musamman daga hukumar coci, wato bishop, ban da dukan digirin da yake da shi, kuma Paparoma John Paul na Biyu ya nanata haka a kundin jami'o'in Katolika na 1990. Izini ne daga mutum zuwa mutum, a kan amana. In ba ijaza ba, ban san me za a kira shi da Hausa ba.

A hayin iyaka kuwa tarihin ya bi wata hanya. Faransa ta riƙa kwasar 'yan ƙalilan zuwa makarantar William Ponty ta Senegal, inda Bubu Hama da Diori Hamani suka koyi malanta, daga baya Nijar ta kafa nata makarantun horon malamai, har da ta Maraɗi, kuma can yaro ba makaranta yake zuwa ba, lakwal yake zuwa, malaminsa kuwa mushe ne. Harshen takarda Faransanci ne, matakan dabam ne, kuma mai son koyarwa a makarantar kuɗi sai ya nemi izinin ma'aikatar ilmi ta ƙasar. Lasisin Abuja ba ya aiki a Ɗan Isa, takardar Yamai ba ta aiki a Jibiya, ko da yake malaman biyu Hausa ɗaya suke yi wa yara bayani da ita in Turancin ko Faransancin ya gagara.

Saurayin nan na Magama, kamar yadda na ji daga baya a cikin mota, wata makarantar kuɗi ce a Maraɗi ke neman mai koyar da Turanci, kuma an riga an gaya masa cewa sai an fassara takardunsa zuwa Faransanci an buga musu hatimi kafin a dube su. Alaramma ya daɗe yana jujjuya takardar a hannu, yana shafa robar da babban yatsa, sa'an nan ya mayar masa ya ce, "Allah ya sa albarka, samari." Da muka isa shingen Ɗan Isa aka ce kowa ya sauko da katinsa, dattijon ya nuna nasa ya wuce da yaransa a ƙafa, wani mai amalanke ya gane shi ya durƙusa yana gaisuwa, saurayin kuwa ya koma mota ya ɗora jakar ledar a cinya.