Bori

bori (suna, namiji)

1. Al'adar hulɗa da iskoki, inda iska ke hawan mutum ta yi magana da bakinsa. Wanda aka hau shi ne doki, mace kuwa goɗiya, kuma sai an yi musu girka, wato shigar da su bori. Garaya ko goge ke kiran iskokin, kowanne da kiɗansa da kirarinsa: Ɗan Galadima, Malam Alhaji, Inna, da Sarkin Rafi mai fadamu. Birninsu Jangare. Misali: Tun kafin a kawo ruwan Tiga gonakin Kura da Bunkure, tsofaffi na cewa rafi da mai shi, wato Sarkin Rafi.

Masana kan haɗa bori da shamananci na Sibiriya, amma da bambanci: can kurwar boka ce ke tafiya wurin iskoki, nan su ke saukowa. Tremearne ya yi littafi a kan bori a 1914, Greenberg ya fitar da nazarin Maguzawan Kano a 1946, Besmer na makaɗan borin Kano a 1983. Malamai na ƙyamar bori, shi ya sa yau a wasu wurare ake yin sa a ɓoye.

2. Tumbatsar abin da ke tafasa: Tukunya ta yi bori.

3. Birgimar yaro don rigima.

borin kunya: hayaniyar wanda asirinsa ya tonu.