Babur da Ɗan Goyo

A shekarar 1885 ne wani Bajamushe mai suna Daimla ya ɗaura inji a jikin keken katako, aka sami babur na fari. Mutum guda kaɗai yake ɗauka. Daga baya maƙera suka tsawaita sirdin, suka sa matakai biyu a baya, ɗan goyo ya sami wuri.

Da babur ya shigo Arewa, ma'aikata ne suka fara hawansa, kamar malamin gona da duba-gari. A lokacin nan goyo kyauta ne. In mai babur ya tarar da tsoho a hanya sai ya rage masa hanya, ba ya neman kome sai godiya.

Abin ya sake bayan 1986, sa'ad da darajar naira ta faɗi. Sabuwar mota ta gagari mutane, motocin haya suka ƙaranta, albashi kuma ya daina kai wata. Sai akawu ya tashi daga ofis, ya shiga ɗaukar mutane da kuɗi har dare. A Kano ana kiran sana'ar acaɓa, a Kudu okada, a Nijar kabu-kabu. Da baburan Sin masu araha irin su Jincheng suka cika kasuwa, samarin ƙauye suka yi ta kwararowa birni.

Ba banza mutane suka karɓe shi ba. Man da zai kai mutum ɗaya shi zai kai biyu. Lungunan da ke kewaye da kasuwar Kurmi, waɗanda mota ba ta ko leƙa su, babur yakan ratsa su har ƙofar gida. Da damina, in hanyar ƙauye ta yanke, shi ke fid da mai naƙuda zuwa asibiti. Ɗan goyon ma ba kaya ba ne: shi ke nuna hanya, in an kafe a rairayi ya sauka ya tura, hirarsa kuma ta hana matuƙi gyangyaɗi.

Amma fa an sha karaya, asibitin ƙashi na Dala shaida ne. A 2009 hukuma ta tilasta sa hular kwano, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka. Tun 2005 kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo keke mai ƙafa uku, wato Adaidaita Sahu, don mata su daina hawa bayan mazan da ba nasu ba.

A watan Janairu na 2013 'yan bindiga suka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, ya tsira, amma an kashe mutanensa. Cikin kwanaki kaɗan gwamnati ta hana acaɓa a birnin. Waɗansu suka sayar da baburansu suka karɓi Adaidaita, waɗansu suka nufi Ikko, saura suka koma ƙauye suna jigilar 'yan cin kasuwa.