Naman Kaza da Suri: Sanin da Ba Ya Bin Mai Ƙaura

Kafin gine-gine su mamaye kudancin Kogin Kaduna, inda Unguwar Boro da Sabon Tasha suke a yau gonaki ne da dajin Gbagyi, suri ko'ina. Idan damina ta kankama, a jikin surin nan ake samun naman kaza mafi daraja, wanda masanin Faransa Roger Heim ya raɗa wa suna Termitomyces a 1942. Gara ce ke noma shi a cikin gidanta, shi ya sa idan aka haƙo shi a hankali ake tarar da doguwar jijiya ta nutsa har cikin surin, ga ɗan tsini a tsakiyar laimarsa. Mai tsinka na da can yakan duba wurin da ya fito da lokacin fitowarsa kafin ya dubi kamanninsa.

Irinsa na fitowa a Asiya. A lardin Yunnan na ƙasar Sin ana kiransa jizong, kuma abin mamaki, nan ma akwai kaza a cikin sunan.

Sai dai tarihi ya nuna wannan sani na gida ne, ba ya bin mutum zuwa baƙuwar ƙasa. A jajibirin shekarar 2012, wasu 'yan Sin a Kanbera ta Ostireliya suka dafa Amanita phalloides, wanda ke kama da wani naman kaza da ake ci a Asiya. Biyu suka rasu. Dafinsa ba ya jin wuta, kuma sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa ke farawa, alhali hanta ta riga ta kamu. Zancen cewa cokalin azurfa na yin baƙi, ko abin da ƙwaro ya ci mutum ma zai ci, camfi ne.

A ganina Unguwar Boro ta yi irin wannan ƙaura ba tare da ta motsa ba. An baje suri an kafa harsashi, mazauna sun zo daga sassa daban-daban, kowa da abin da ya sani a ƙauyensu. Abin da ke tsirowa yanzu a ciyawar harabar makaranta yana iya zama Chlorophyllum molybdites: fari ne, mai faɗi, mai ban sha'awa, yana kuma jawo amai mai tsanani. Sai ya manyanta ƙarƙashin laimarsa ke komawa kore-kore, kuma jijiyarsa ba ta zuwa wani suri.