Bagaruwa da Ruwan Chalawa

Kakana majemi ne, kuma na daɗe ina ɓoye wannan. Muna firamare, ranar da malami ya ce kowa ya faɗi sana'ar gidansu, sai na ce fatauci. Ba ƙarya ce zalla ba, tunda ana sayar da fatar, amma abin da nake gudu shi ne yara su toshe hanci. Duk wanda ya taɓa ratsa majema a cikin birnin Kano da rana tsaka ya san abin da nake nufi. Wari ne mai shiga riga ya raka mutum har gida.

Aikina a lokacin dakan bagaruwa ne. A kawo ta busasshiya cikin buhu, in zuba a turmi in kirɓa, a fitar da ƙwallayen, garin a jiƙa shi a kwatarniya har ruwan ya yi duhu kamar shayin Buzaye. Kafin fata ta iso wannan ruwan ta sha hanya. Za ta kwana cikin ruwan toka har gashi ya saki, a shimfiɗa ta a kan gungume a kankare da kartaji, sannan a tsoma ta cikin ruwan kashin kaji ko na tattabara don ta yi laushi. Nan ne warin yake. Bayan an ɗauraye sai ta shiga bagaruwa, ana juyawa, ana matsa, ana sake ruwa, kwana da kwanaki. Ƙarshe a shafe ta da man gyaɗa, a buga a kan dutse, a ja ta ko'ina har ta yi taushi. In ja ake so, karan dafi. In baƙi, kuloko da ake haɗawa da kashin maƙera. Tsohon yakan naɗe gefen fata a yatsa, ya saki, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, zo ka gani, ta sha ko ba ta sha ba?" Ban taɓa cankar daidai ba.

Sai da na girma na gane wannan aikin da nake jin kunya shi ne ya kai sunan ƙasarmu inda ƙafarmu ba ta je ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, kuma cikin kayan da ya lissafa ana fitarwa akwai takalma da jemammun fatu da jajayen fatun tumaki da ake kaiwa har Tarabulus. Ayarin raƙuma ke ɗauka ta Agadas da Ghat da Ghadamis. Da yake daga gaɓar Arewacin Afirka Turawa ke saye, sai suka laƙaba mata suna fatar Maroko, alhali da yawa daga cikinta fatar jar akuyar Sakkwato ce da ta Maraɗi. Masu ɗinkin littattafai a Ingila sun daɗe suna neman ta don ba ta saurin rududdugewa. Mu kuwa a gida ita ce gafaka, ita ce kube da alabe da kayan doki, dukawa suna jiran majema kamar yadda maɗinka ke jiran masaƙa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma daga nan lissafi ya sauya. Kamfanonin Turawa ba jemammiyar fata suke so ba, ɗanya suke so, busasshiya, su kai can su jeme da kansu. Fata mai kyau ta koma kanti, majemi ya zauna da wadda aka tsame. A can ɗin kuwa an riga an samo wata hanya: tun 1884 wani mai suna Augustus Schultz a Amurka ya yi rajistar jima da gishirin kurom. Abin da bagaruwa ke yi a kwanaki, kurom na gamawa cikin yini guda a wata ƙatuwar ganga mai juyawa, fatar ta fito da shuɗi-shuɗi, mai jure ruwa da zafi. Yau fiye da kashi 80 cikin 100 na fatar duniya da shi ake jeme ta. Daga baya masana'antun suka biyo fatar har gida, suka zauna a Bompai, sannan Sharaɗa da Chalawa a shekarun 1970 zuwa 1980, Kano ta zama cibiyar jimar zamani a Najeriya, ana loda kaya zuwa Italiya da Sifaniya.

Ba zan ce wannan bai kawo alheri ba. Dubban magidanta sun ci abinci a ciki, har da 'yan gidanmu biyu. Kuma kwatarniyar kakana ko shekara za ta yi ba za ta cika kwantena ɗaya ba. Amma akwai abin da ba a sa a lissafi ba, wato ina dattin yake tafiya.

Dattin majema yana da wurin zuwa. Gashi da tsokar da aka kankare da dusar bagaruwa da ta gama aiki, duka juji suke tafiya, su haɗu da tokar gidaje da kashin awaki. Da rani masu jakuna su shigo birni da itace, su fita da mangala cike da taki zuwa gonakin karkara. Ba na wanke majema tas. Kududdufan da ke kusa da su sun sha wahala, maƙwabta ma haka. Sai dai duk abin da suka zubar ƙasa tana iya cinye shi kafin damina biyu. Kurom kuwa ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Fata ba ta shanye shi duka, wajen kashi ɗaya cikin uku yana fita da ruwan wanki, tare da gishiri da sinadarin cire gashi mai warin ɓaragurbi. In aka ƙona tarkacen fatar a bola, kurom ɗin yana iya rikiɗa zuwa nau'in da ke jawo ciwon daji.

Ruwan Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, ya tafi dam ɗin Wasai. Na Sharaɗa da Chalawa yana gangarawa kogin Chalawa, kogin da birni ke sha daga gare shi tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, shi kuma kogin yana haɗuwa da kogin Kano ya wuce Wudil ya nufi Haɗeja. A bakin waɗannan rafuka mutane ke noman latas da alayyafo da karas. Wata shekara na kai wa wani ɗan ƙanin mahaifiyata ziyara a fadamarsa, na tarar injin ban ruwa yana zuƙo wani ruwa mai kalar toka da kumfa a kai. Ƙafafunsa duk sun yi fari sun tsattsage. Na ce, "Yaya, da wannan kake shayar da su?" Ya ce, "To da wanne? Ai ganyen har ya fi yin kore." Ya ce wani lokaci cikin dare ake sako shi, da safe su ga kifi ya taso ciki sama. Ruwa dai ba ya tsami banza, kowa a wurin ya san daga bututun da yake fitowa, amma tsuntsun da ya ja wannan ruwan ba shi yake duka ba.

An kafa hukumar NESREA a 2007, dokokin tace ruwa kafin a sake shi suna nan a rubuce, kuma dabarar kamo kurom daga ruwan wanki a sake aiki da shi ba sabuwa ba ce. Tsada gare ta, kuma tana son wutar da ba ta ɗaukewa, kogi kuwa kyauta ne. Abin da ke ba ni dariya mai ciwo shi ne, yanzu a Turai fatar da aka jeme da ɓawon itace ita ce ta masu kuɗi, ana buga mata tambari ana ƙara farashi. Abin da na ɓoye a aji uku ke nan.

Majema ba su ƙare ba, suna nan a cikin birni, sun ragu, suna kokawa da masu ganda a kan fatar da ta rage. Gafakar da kakana ya jeme wa mahaifina tana rataye a ɗakina, ta yi duhu don tsufa amma ko tsaga babu. Kwanan baya na shiga Kasuwar Kurmi na tsaya gaban mai kayan ƙoli, na ce a auna mini bagaruwa, don kawai in ji ƙanshin garin a hannuna. Ya ƙulla mini a baƙar leda, ya rage murya ya ce, "Alhaji, a tafasa a zauna a ciki safe da yamma. Allah ya ƙara sauƙi."