Daga Ghurra zuwa Sashe na 232: Hukuncin Zubar da Ciki a Birnin Kano

Kafin 1960, alƙalan Kano suna hukunci da fiƙihun Malikiyya, wanda har yau ake karantarwa a zaurukan Kabara. Risalar Ibn Abi Zaid ta wajabta wa wanda ya jawo ɓarin ciki ghurra, ƙimar dinare 50. Dardir kuwa ya hana zubarwa ko kafin kwana 40. Dokar Final Kod ta 1959, wadda aka kwaikwayo daga ta Sudan, ta sanya ɗauri har shekara 14, sai in don ceton ran uwa ne. Amma galibin matan birni a gida suke haihuwa, a hannun ungozoma. Sai a 2001 gwamnatin Kano ta fara kula da masu juna biyu kyauta.