Tarihin Taron Masu Garka a Ƙasar Dogon Daji da Kewayenta

In an tashi tuna ayyukan En'e ta Sakkwato, abin da kan fara zuwa bakin mutane shi ne haraji da jangali, da alƙalai, da 'yan doka, da makarantu. Ba safai a kan tuna da malamin gona ba, wanda ya ke bin ƙauyuka bisa keke, da ɗan littafinsa cikin aljihu, yana tara talakawa gindin itace yana yi musu bayanin shuka da ƙwari. Don haka muka ga ya kamata a cikin wannan ɗan littafi na tunawa da ma'aikata a keɓe wuri a faɗi tarihin wannan aiki, musamman abin da ya shafi masu lambu, waɗanda mu ke kira masu garka a nan ƙasar.

A Amurka akwai wata tsohuwar al'ada ta tara manoman kayan miya cikin hunturu a karantar da su. Dalili kuwa, can in sanyi ya sauka ƙanƙara kan rufe ƙasa, ba shuka ba girbi, manomi ba shi da abin yi sai zama cikin ɗaki. Sai malaman manyan makarantun gona su kira su wuri guda, a yi kwana ɗaya ko biyu ana muhawara. A 1914 hukumarsu ta kafa doka ta tsayar da aikin malaman gona ko'ina cikin ƙasar. To, mu a nan al'amarin ya sha bamban. Lokacin ɗari shi ne damunar mai garka. Sa'ad da buji ke tashi, shi yana cikin fadama tun asuba, ƙafa cikin laka, yana sakin ruwa fangali fangali. Wanda duk ya ce zai kira shi zaure ya zaunar da shi wuni guda a wannan lokaci, ya yi niyyar magana da tabarmi. Wannan bambanci shi ne mabuɗin labarin duka.

Ƙasar da garkarta

Dogon Daji tana bisa hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega. Tambuwal ribaɗi ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, zuriyarsa kuwa su ne suka riƙe sarautun wannan yanki. A Dogon Daji aka haifi Ibrahim Dasuki a 1923, ɗan Sarkin Yamma Haliru, wanda ya fara aiki a baitulmalin En'e ta Sakkwato, daga baya ya zama Sarkin Musulmi a 1988. Kudu kuma ga ƙasar Kebbe, inda Gulbin Zamfara ke ratsawa ya bar fadamu da tafukka in ruwa ya janye.

Noman garka ba baƙo ba ne a ƙasashen nan. Baturen nan matafiyi Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, da ya bi ta Gwandu a 1853 ya yaba girman albasar garin da kyaunta. A zamanin nan da jigo da guga a ke ban ruwa, ko kuwa da ƙwarya in ruwan yana kusa. Mutum guda ba ya iya shayar da fili mai yawa, saboda haka garka ƙarama ce, mai ita ya san ko wane fangali kamar yadda ya san 'ya'yansa. Ana shuka albasa da tafarnuwa, da alkama, da taba, da yalo da gauta, da barkono da kuɓewa. Makarantar mai garka kuwa ita ce bayan ubansa. In ƙwari suka faɗo, sai toka, da hayaƙi, da tsincewa da hannu. In abin ya faskara a tambayi dattawa da Sarkin Noma.

Zamanin En'e

An kafa Ma'aikatar Gona ta Arewa a 1912, aka buɗe gonar gwaji ta Samaru kusa da Zariya a 1922. Amma fa hankalin Turawa a kan auduga da gyaɗa ya ke, don su ne jirgin ƙasa ke ɗauka zuwa bakin teku, balle da dogo ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a 1929. Albasa da tumatir ba su shiga lissafin kamfanoni ba, sai aka bar mai garka da jigonsa.

Abin da ya fara tara manoma gaban hukuma a kan maganar ƙwari shi ne fara. Tun daga wajen 1929 ta yi ta sauka ƙasar Arewa shekara bayan shekara, har aka yi shekaru kusan goma ana fama. Umarni kan fito daga Razdan zuwa ga Sarkin Musulmi, daga nan zuwa ga hakimai, su kuma su aika wa dagatai da masu unguwa. A fito da gayya, a haƙa ramuka a koro 'ya'yan fara tun ba su yi fiffike ba a binne, a warwatsa dusa da aka gauraya da guba inda suka sauka. Aka kuma matsa wa mutane su dasa rogo, domin abincinsa ƙarƙashin ƙasa ya ke, fara ba ta kai gare shi. Wannan aiki ya yi amfani ƙwarai, ya kuma nuna ƙarfin En'e wajen tara jama'a cikin dare ɗaya. Amma ya nuna iyakar umarni, gama da fara ta wuce, dogari ya koma gida, da yawa daga abin da aka yi don tsoro sai ya bi shi.

A gefe guda kuwa ga noman shanu, wanda aka fara a 1928 da manoma uku kacal a duk Arewa. Shi ba a tilasta wa kowa ba. En'e ta kan ba mutum rancen bijimai biyu da garma daga baitulmali, malamin gona ya koya masa, maƙwabta su tsaya bakin gona suna kallo. Da suka ga kunyar da mutum goma ke wuni suna yi ta ƙare kafin azahar, su da kansu suka riƙa zuwa neman a rubuta sunansu. Har yau garmar shanu tana nan. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Darasin da tsofaffin malaman gona na En'e suka bar mana ke nan, tun ba su kai ga garka ba.

Daga jigo zuwa inji

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 shi ya juyo da idon hukuma ga noman rani. Aka gina madatsar Bakolori, aka gama a 1978, ta Goronyo ta biyo baya. A 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Gusau da taimakon Bankin Duniya, a 1976 aka yi gyaran da ya sa ƙananan hukumomi suka gaji En'e, a 1982 kuma aka shimfiɗa shirin ya game Jihar Sakkwato duka. Cikin shekarun nan ne aka kawo ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur, da dabarar haƙa 'yar rijiya ta bututu cikin fadama. Shirin Fadama na farko, wanda ya soma a 1993, ya ƙara yawaita su, aka kuma harhaɗa manoma ƙungiya ƙungiya don karɓar rance. Cikin 'yan shekaru jigo ya zama abin nuna wa yara.

A wannan zamani ne taron masu garka ya sami tsari. Ko wane malamin gona aka yanka masa ƙauyukansa, aka ɗora masa ziyartar ko wace ƙungiya sau ɗaya cikin mako biyu, a rana sananniya. Shi ma ko wane mako biyu a kan tara su a koya musu abin da za su kai, masana kuma su zauna wata wata su duba tambayoyin da suka fito daga gona. A kan yanki ɗan fili cikin garkar wani manomi a yi sabuwar dabara, a bar sauran bisa tsohuwar hanya, ranar cirewa a kira jama'a a auna gaban kowa. Watau dabarar noman shanu ce aka komo da ita bakin rijiya.

Amma inji ya zo da nasa. Wanda dā ke shayar da fangali ashirin ya koma shayar da ɗaruruwa, fadama ta zama albasa zalla ko tumatir zalla iyakar ganin ido, shekara bisa shekara a wuri guda. Wannan kuwa shimfiɗa ce aka yi wa ƙwari. Ga 'yan mitsi-mitsin nan masu ɓuya a matsatsin ganyen albasa suna tsotsa har ganyen ya yi fari-fari ya bushe. Ga ciwon da ke sa tabo mai ruwan shuni a ganye in raɓa ta yi yawa. Ga farin ƙuda mai ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir, ga tsutsar ƙasa wadda ido ba ya gani, mai sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu. Da kuɗin Bankin Duniya ya janye cikin shekarun 1990, babura suka lalace, malaman gona suka tsufa ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba, sai mai sayar da magani a kasuwa ya zama shi ne malami. Shi kuwa ba ya cewa kada ka saya.

Shekarar sharon

Sakamakon wannan ya bayyana a 2016. Wata 'yar ƙwaro mai kama da asu, asalinta daga Amurka ta Kudu, ta shiga Sifen a 2006, ta bi ta arewacin Afirka da Nijar, ta iso ƙasar nan wajen 2015. Manoma suka sa mata suna sharon. Macen tana iya zuba ƙwai fiye da 200, in da zafi kuwa cikin wata guda ƙwai ya zama uwa. Tsutsarta takan shige tsakiyar ganye ta yi ta ci daga ciki, ta huda ɗan tumatir, don haka feshi ba ya samunta sosai, ga shi kuma ta kan saba da magani in an dinga maimaita iri ɗaya. A bazarar 2016 ta share gonakin tumatir a Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna, har Gwamnatin Kaduna ta yi shelar halin gaggawa cikin watan Mayu, tumatir ya gagari talaka a kasuwannin ƙasar duka. Mutane suka yi ta ƙara magani bisa magani, kuɗi ya ƙare, ƙwaro bai ƙare ba.

Abin lura shi ne, maganinta na gaskiya duk abin da a ke koya a taro ne, kuma ba ya yiwuwa ga mutum ɗaya. A yi dashe da wuri don a kwashe kafin zafin Maris da Afrilu. A kafa tarko na ruwa da fitila, ko na ƙamshin da ke jawo mazan, don a san ranar da ta iso. A tsince ganyen da ya kamu a binne, in an gama ɗiba a tuge karan a ƙone. A sauya shuka a fili, a sauya irin magani, a taimaka da ruwan 'ya'yan dogon yaro. In mutum tara sun yi haka, na goma ya bar tsohon tumatirinsa tsaye, to, ya ajiye wa fadamar duka iri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya rage a wuyanmu

Ya ku hakimai da dagatai da malaman ofis, magadan ma'aikatan En'e, tarihin nan ya nuna abu uku. Na fari, lokaci. Babban taro a yi shi da kaka, sa'ad da a ke yayyafin iri, kafin dashen Nuwamba da Disamba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin ɗari kuwa taro ya zama gajere, bayan an gama ban ruwan safe, kada ya faɗa ranar kasuwa. Na biyu, wuri. A yi shi cikin garka, a ciro ganye a buɗe, kowa ya ga tsutsar da idonsa, a nuna ma'aunin magani da kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a ɗiba a kai wa mutane su ci. A kuma bar tsofaffin masu garka su yi magana, gama akwai abin da suka sani game da ajiyar albasa cikin rudu wanda ba ya cikin littafin malami. Na uku, haɗa kai, nan ne kuwa aikin sarauta ya ke. Malamin gona yana da sani, amma ba shi da bakin da zai sa fadama guda ta yarda da ranar dashe ɗaya da ranar ƙona kara ɗaya. Hakimi da dagaci su ke da wannan baki, kamar yadda kakanninsu suka tara gayyar fara.

Waɗancan malamai na dā sun yi aikinsu da keke da ɗan albashi kaɗan, yawancinsu ba wanda ya rubuta sunansu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba na yanzu ikon riƙe abin da suka bari, ya kuma sa albarka a garkar talakawa. Amin.