Tsoho Ne Ko Sabo? Tarihin Maguzancin Zamani A Ingila

A cikin shekarar 1951 Majalisar Dokokin Biritaniya ta soke wata doka ta 1735 wadda ta tanadi ɗauri ga duk wanda ya yi da'awar maita ko duba. Bayan shekara uku da soke ta, sai wani dattijo mai suna Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin kwastan a ƙasar Malaya, ya buga littafi inda ya ce shi maye ne, kuma maita wani tsohon addini ne na mutanen Turai, ba cin kurwa ba. Ya ce a 1939 aka shigar da shi cikin wata ƙungiyar asiri a dajin New Forest, wadda ta riƙe wannan addini a ɓoye tun kafin zuwan Kiristanci. Daga nan ne addinin Wicca ya fito, watau reshen da ya fi shahara cikin abin da ake kira Maguzancin zamani.

Gardner bai gina maganarsa a kan iska ba. Tun a 1921 wata malama a jami'ar London, Margaret Murray, ta rubuta cewa mutanen nan da kotunan Turai suka kashe bisa zargin maita, waɗanda yawansu ya kai dubu 40 zuwa dubu 60, mabiya wani addinin gargajiya ne da coci ta so ta murƙushe. Maganarta ta karɓu ƙwarai, har aka sa ta cikin Encyclopaedia Britannica a 1929. Saboda haka mabiyan Gardner na farko suka ɗauki kansu jikokin waɗanda aka zalunta.

Ibadarsu kuwa ga yadda take. Suna bauta wa uwargijiya mai alaƙa da wata, da kuma wani abin bauta namiji mai ƙaho. Sukan taru ƙungiya-ƙungiya, galibi ba su wuce mutum 13 ba, su zana da'ira a ƙasa su yi addu'o'insu a ciki daren da wata ya cika. Suna da bukukuwa takwas a shekara masu bin juyawar rana da lokutan noma, kamar Beltane ran 1 ga Mayu da Samhain ran 31 ga Oktoba. Ba su da littafi guda da ya hau kan kowa, ba su kuma da shugaba guda.

To, amma tun da wuri aka fara ganin ɓaraka. Doreen Valiente, wadda ta shiga ƙungiyar a 1953, ta gane cewa da dama daga cikin addu'o'in da Gardner ya ce na kaka da kakanni ne, daga littattafan wani matsafi na zamaninsu, Aleister Crowley, aka ɗebo su. Ita ce ta sake rubuta da yawa daga ciki da hannunta. Sa'an nan a 1975 masanin tarihi Norman Cohn ya nuna cewa Murray ta yanke wuraren da ba su dace da ra'ayinta ba daga takardun shari'a. Waɗanda aka kashe ɗin yawancinsu Kirista ne talakawa, azaba ce ta sa suka amsa laifi. A 1999 Farfesa Ronald Hutton na jami'ar Bristol ya bi sawun Wicca daki-daki, ya tarar kayan gininta na ƙarni na 19 da na 20 ne.

Wannan al'amari bai tsaya ga Wicca kaɗai ba. 'Yan ƙungiyar Druid da ke taruwa da fararen riguna a duwatsun Stonehenge a ranar da ta fi tsawo cikin shekara, asalin ƙungiyoyinsu ƙarni na 18 ne, duwatsun kuwa sun girmi Druid na dā da fiye da shekara dubu. A tsibirin Iceland, inda aka karɓi Kiristanci wajen shekara ta 1000, wani manomi mawaƙi, Sveinbjörn Beinteinsson, da abokansa suka farfaɗo da bautar Odin da Thor a 1972 daga tsofaffin rubuce-rubuce, hukuma kuma ta amince da su a 1973. Nan ne bambancinsu da Maguzawan ƙasar Hausa yake: Bamaguje a gidan ubansa ya gaji tsafi, waɗannan kuwa a littafi suka same shi.

Mai karatu zai zaci addinin da aka zare wa tushen tarihinsa rushewa zai yi. Ba haka aka yi ba. Da yawa daga cikin mabiyan suka karɓi hukuncin masana, suka ce abin da ya jawo su shi ne girmama ƙasa da halittu, da kuma matsayin da mata suka samu na jagorancin ibada, ba tsufan addinin ba. A 2007 hukumar tsofaffin sojojin Amurka ta yarda a sa tauraron Wicca mai tsini biyar a kan kaburburan sojoji. A ƙidayar 2021 kuwa, mutum dubu 74 a Ingila da Wales suka rubuta cewa su Maguzawa ne, wasu dubu 13 suka rubuta Wicca. Shi dai Gardner bai ga wannan ba. Ya rasu a cikin jirgin ruwa a 1964, aka binne shi a birnin Tunis.